Wa Ya Riƙe Masa Tsani?

Akwai wani irin labari da ya zama kamar koko da ƙosai a gidajenmu na Nima da Mamobi: kullum shi ne, ba a kuwa gajiya da shi. Wani lokaci a fim na Akra ko Kumasi yake zuwa, wani lokaci a na Legas ko Kano, wani lokaci kuma a littattafan nan da ake karantawa a waya. 'Yan wasa sukan sake, harshe yakan sake, amma labarin ɗaya ne. Ga yaro ɗan talakawa, ya yi karatu da wahala har ya fito daga makarantar lauyoyi. Ya ci wata babbar shari'a, sunansa ya shiga rediyo. Daga nan mawaƙa da 'yan ƙwallo da 'yan siyasa suka zama abokan zamansa. Ya sake mota, ya sake unguwa, ya sake mata. Sa'an nan ya ci amanar wani, asiri ya tonu, aka soke sunansa daga cikin lauyoyi, matar ta gudu, abokai suka watse. A ƙarshe a nuna shi yana yawo a ƙasa da silifa, ko yana kuka a kurkuku. Sai 'yan kallo su ce, "Allah ya ƙara! Ƙarshen alewa ƙasa." Kowa ya tafi ya kwanta yana jin ya sha wa'azi.

Ya mai karatu, ni na zo in yi gardama da wannan wa'azi. Ina cewa labarin nan, yadda aka saba tsara shi, yana yi mana ƙarya, ƙaryar kuwa tana da daɗi, shi ya sa ba mu gane ta ba. Ba na ƙin ƙagaggen labari. Ubangijinmu Yesu kansa da misalai ya koyar. Abin da nake ƙi shi ne labarin da ke wanke mai sauraro ya bar shi da dauɗarsa.

Awa biyu na kwaɗayi, minti goma na hukunci

Laifi na fari da nake ɗora wa masu tsara waɗannan labarai, laifin lissafi ne. In ka sake zama kallon irin wannan fim, ka riƙe agogo. Ka auna lokacin da aka ba gidan bene da motoci, da liƙin kuɗi a wurin biki, da 'yan mata, da kirarin maroƙa. Sa'an nan ka auna lokacin da aka ba faɗuwa. Za ka tarar an ciyar da idonka awa biyu da kwaɗayi, aka ba zuciyarka minti goma na tsoro.

Na taɓa kallon wani irinsa a tsakar gidanmu na haya, mu wajen ashirin, Kirista da Musulmi, manya da yara. Kashegari na ji samarin gidan suna taɗinsa a majalisar shayi. Ba wanda ya ambaci gwauruwar da lauyan ya cinye wa fili. Gardamarsu duk a kan motarsa ce, wace iri ce, nawa take. Ɗaya daga cikinsu ya ce wautar lauyan ita ce ya bar takarda a inda za a gani. Watau darasin da yaron ya ɗauka ke nan: in za ka yi, kada ka bar sawu.

Mu mutanen Zango ba baƙin wannan abu ba ne. Kalmar nan sakawa, wadda duk Gana ke kiran damfarar intanet da ita, daga Hausarmu aka ɗauke ta. Wajen shekarar 2009 kasuwa ta cika da finafinan sakawa, kusan dukansu kuwa suna ƙarewa da yaron ya haukace ko ya mutu. Masu yin su suka ce gargaɗi suke yi. To, sai mu tambayi iyayen unguwa, gargaɗin ya ci? Wanda ya zuba wa yaro zuma a baki har ya ƙoshi, sa'an nan ya ce masa akwai ƙudan zuma, ai talla ya yi wa zuma.

Mutanen da ba a sa su cikin labarin ba

Laifi na biyu ya fi na farin girma. A cikin waɗannan labarai mutum shi kaɗai yake hawa, shi kaɗai yake faɗowa. Ba a nuna mana waɗanda suka riƙe masa tsani. Alhali kuwa shahara ba ta tsirowa kamar gero. Jama'a ke yin ta, da tafinsu, da kirarinsu, da roƙonsu. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ba sai mun je nesa neman misali ba, gama ƙasar nan ta ga irin wannan labari da idonta, ba kuwa ƙage ba ne. Kwesi Nyantakyi lauya ne, shi ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta Gana daga 2005 zuwa 2018. A zamaninsa ne ƙungiyar ƙasa ta fara zuwa gasar cin kofin duniya, a Jamus a 2006. Ta sake zuwa a 2010 a Afirka ta Kudu, inda ta kai zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe kafin Urugwai ta fitar da ita, ta kuma je Barazil a 2014. Shi kansa ya hau har ya zama mataimakin shugaban hukumar ƙwallo ta Afirka na ɗaya, ya kuma sami kujera a majalisar FIFA. Wa ya manta yadda titin Nima ya cika da ihu da hon na babura a daren da muka ci Amurka a 2010? A ranakun nan ba wanda ya so ya ji tambaya a kan kuɗi. Ko da gwamnati ta aika da dala miliyan 3 a jirgin sama zuwa Barazil a 2014 domin biyan 'yan wasa, duniya ta yi mana dariya, mun yi surutu na ɗan lokaci, muka koma kallo.

Ran 6 ga Yuni, 2018, ɗan jarida Anas Aremeyaw Anas ya nuna fim ɗinsa na binciken asiri mai suna Number 12 a babban zauren taro na Akra. Mutane suka yi layi kamar na shiga sinima. Aka ga shugaban a hoto yana zuba kuɗi a jaka, aka ce dala 65,000 ne daga hannun waɗanda suka yi shigar attajirai. Shi ya musanta cewa cin hanci ne, amma cikin 'yan kwanaki ya ajiye muƙamansa. A watan Oktoba na shekarar FIFA ta hana shi harkar ƙwallo har iyakar ransa. A 2020 kotun wasanni ta duniya ta rage hukuncin zuwa shekara 15. Ƙarar da gwamnati ta kai shi kuwa ta yi ta jan ƙafa, har kotu ta sallame shi a 2025 ba tare da an saurari shaidar da ake jira ba.

Ba ni ne alƙalinsa ba, ban kuwa kawo sunansa domin in ƙara jifa ba. Abin da nake so mu duba shi ne mu kanmu. Bakunan da suka yi masa kirari shekara goma sha biyu, su ne suka yi masa ihu cikin dare ɗaya, ba wanda ya tsaya ya kurkure baki a tsakani. Mun kalli abin kamar wasan kwaikwayo, domin finafinai sun riga sun koya mana yadda ake kallon faɗuwar babban mutum: a zauna, a ci gyaɗa, a ce Allah ya ƙara.

Amma ga abin da ba ya cikin wasan kwaikwayo. Gasar ƙwallon ƙasa ta tsaya cik, ba ta dawo ba sai Disamba, 2019. Samari da yawa da ke ci da ƙafarsu suka zauna shekara ɗaya da rabi. Ran 16 ga Janairu, 2019 kuma, 'yan bindiga a kan babur suka harbe Ahmed Hussein-Suale a Madina, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi binciken, bayan an riga an nuna hotonsa a talabijin. Ya bar iyali. A fim, in an rubuta "ƙarshe" kowa ya tashi ya wanke jan fenti ya tafi gida. A Madina kabari aka haƙa.

Littafi Mai Tsarki ya san wannan hali namu. A cikin Ayyukan Manzanni sura 12 an ba da labarin sarki Hirudus, wanda ya sa kayan sarauta ya hau gadonsa a Kaisariya ya yi jawabi, taro suka ɗaukaka muryarsa suka kai ta matsayin ta allah. Ya karɓi yabon, aka buge shi, tsutsotsi suka cinye shi. Masu wa'azi sukan tsaya a kan girman kan Hirudus, daidai ne kuwa. Amma Luka bai ɓoye mana dalilin masu tafin ba: mutanen Taya da Sidon ne suka zo neman sulhu, gama daga ƙasar sarkin suke samun abinci. Yabon ciki ne. Su suka miƙa masa gubar, suka koma gida lafiya. Hausawa suka ce ba a mugun sarki sai mugun bafade.

Abin da za a ce mini

Na san amsar da za a ba ni. Wani zai ce, "Malam, ka cika tsanani. Mutum ya wuni a rana a kasuwar Nima, ko yana kiran fasinja a tasha, ba za ka bar shi ya huta da ɗan kallo ba?" Na bar shi. Hutu hakkinsa ne. Amma a kira abin da sunansa. In nishaɗi ne, a ce nishaɗi ne. Kada a sayar mana da giya a kwalbar magani.

Wani kuma zai ce, "Ai talaka ba shi da wata kotu sai wannan. A duniya mai kuɗi ba ya faɗuwa, bari ko a fim mu ga ya faɗi." Wannan magana tana da nauyi, ba na kuwa raina ta. Duk wanda ya taɓa bin shari'ar fili ko ta gado shekara da shekaru, ana ɗagawa yana biya, ya san ƙishin nan. A 2015 ƙasar nan ta ga alƙalai a hoto suna karɓar kuɗi, waɗansu har da akuya. Mutum 34 aka zarga, a watan Disamba na shekarar aka kori 20 daga ƙananan kotuna. Tonon asirin azzalumi aiki ne mai kyau. Amma ku lura, fim ɗin da ya kashe maka ƙishin adalci da dare, shi ne ya sa ka tashi da safe ba ka nemi adalci ba. Finafinai nawa ne suka taɓa gaya wa gwauruwa cewa akwai Majalisar Kula da Aikin Lauyoyi, wadda dokar 1960 ta kafa, inda za ta iya kai ƙarar lauyan da ya cuce ta? Nawa ne suka nuna mata ƙofar Hukumar Taimakon Shari'a, mai tsaya wa marasa hali? A fim tsawa ce ke faɗowa daga sama, ko boka ya juya wa mutum baya. Ta haka ake koya wa talaka ya naɗe hannu yana jiran tsawa.

Na uku zai ce, "Mai fim ma ciki gare shi, abin da kasuwa ke so shi zai kawo." Gaskiya ne. Tun da William Akuffo ya fitar da Zinabu a 1987, sana'ar bidiyo a ƙasar nan da kuɗin 'yan kallo take tsaye. To, ai maganar ta dawo kanmu ke nan. Mu ne kasuwar.

Yadda ake ba da labarin faɗuwa

Kada a ce na rushe ban gina ba. Akwai waɗanda suka ba da wannan labari yadda ya kamata.

Na fari annabi Natan ne, a littafin Sama'ila na biyu sura 12. Sarki Dawuda shi ne tauraron zamaninsa, mata sun yi masa waƙa a titi, shi ne kuma babban alƙalin ƙasa. Ya ɗauke matar Uriya, ya sa aka kashe mijin. Natan ya zo masa da ƙagaggen labari: wani attajiri mai garkuna ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tak ta maƙwabcinsa matalauci ya yanka wa baƙo. Dawuda ya yi daidai abin da mu ke yi a gaban talabijin, ya husata, ya yanke wa attajirin hukunci. Sa'an nan Natan ya nuna masa cewa shi ne. Da Natan irin masu fim ɗinmu ne, da ya tsaya a wurin fushin sarki, sarki ya yi masa kyauta, kowa ya ji daɗi.

Na biyu Albert Camus ne, marubucin Faransa haifaffen Aljeriya. A 1956 ya fitar da ɗan littafinsa La Chute, watau Faɗuwa. Lauya ne a birnin Faris, shahararre, mai tsaya wa gwauraye da marayu, kowa na yabonsa. Yakan kama hannun makaho ya ƙetarar da shi titi, sa'an nan ya cire masa hula, har wata rana ya gane makaho ba ya ganin hular, domin masu kallo yake cirewa. Wani dare yana ƙetare gada ya wuce wata mace, ya ji faɗawarta cikin kogi, ya ji kururuwarta, bai juya ba. Ba wanda ya gan shi. Ba ɗan sanda, ba jarida, ba kurkuku. Duk da haka ya rushe daga ciki, ya bar aikinsa, ya ƙare a wata mashaya a Amsadam yana faɗa wa baƙi zunubansa. Yana tsara furcin nasa yadda mai sauraro zai ga fuskarsa a ciki. Camus ba mai bi ba ne, littafinsa kuwa ba shi da ƙofar gafara, amma ba ka rufe shi kana cewa Allah ya ƙara.

Na uku na kusa da gida ne, Chinua Achebe, a littafinsa No Longer at Ease na 1960. Ƙungiyar mutanen garin Umuofia ta tara fam 800 ta tura ɗanta Obi Ingila ya karanto lauya, domin ya riƙa yi musu shari'ar filaye. Ya je ya karanta Turanci, ya dawo ya kama aikin gwamnati a Legas. Daga nan kowa ya ɗora masa kaya: ya biya bashin ƙungiya, ya riƙe mota da gida irin na manya, ya aika gida. Ya ƙi cin hanci da fari, daga baya ya karɓa, aka kama shi a kan fam 20. Achebe ya buɗe littafin da ranar hukunci, kotu cike da 'yan kallo, waɗansu har sun sayi takardar likita domin su bar ofis su zo kallo. Watau masu cin hanci sun zo kallon mai cin hanci. Bai wanke Obi ba, bai kuwa bar mutanen garin su tsira ba. Duk ɗan Zango da danginsa suka yi karo-karo suka kai shi Legon ko Makola ya san nauyin wannan kaya.

Lauyan da ba shi da fim

Akwai kuma labarin da ba a ba mu ko kaɗan. A ƙarshen shekarun 1990 waɗansu matasa masu ilmin shari'a, cikinsu har da Raymond Atuguba da Mahama Ayariga, suka kafa wata cibiya ta taimakon shari'a, suka yi aiki a nan Nima da Mamobi. Tare da samarin unguwa suka bi maganar kwata da shara, da kuma tsarin nan na biya kafin magani, wanda a ƙarƙashinsa ake tsare majiyyaci a asibiti in ya kasa biya, kafin dokar inshorar lafiya ta 2003. A nan akwai jarumi, akwai abokin gaba, akwai rai a hannun Allah. Me ya hana a yi fim da irin wannan? Babu motar alfarma a ciki, shi ke nan.

Kira

Ku marubuta da masu fim, musamman 'ya'yan Zango da suka fara riƙe alƙalami da kyamara, ga roƙona. In za ku kayar da lauyanku, ku kayar da shi, amma ku juya kyamarar ku nuna mu. Ku nuna kawun da ke cewa, "Ɗana, sa'o'inka sun yi gini, kai me kake jira?" Ku nuna kwamitin ikkilisiya da ya ɗauke dattijo mai aminci daga kujerar gaba ya zaunar da mai sabuwar mota, ya naɗa shi shugaban bikin godiya ba tare da tambayar inda kuɗin ya fito ba, alhali wasiƙar Yakubu sura 2 ta hana wannan tara ƙarara. Ku nuna maroƙin da ya sake waƙa tun kafin motar 'yan sanda ta sha kwana. Ku ba gwauruwar suna da fuska. Ku bi 'yar lauyan zuwa makaranta kashegarin da aka kama ubanta. Sa'an nan kada ku rufe labarin a bakin kurkuku, gama Allah bai rufe na Dawuda a can ba. Ya tuba, aka gafarta masa, ko da yake takobi bai rabu da gidansa ba.

Mu kuma 'yan kallo, Kirista da maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda Alkur'aninsu ya kwatanta giba da cin naman ɗan'uwa matacce, mu binciki daɗin nan da muke ji in babba ya faɗi. Sau da yawa ba ƙaunar gaskiya ba ce, hassada ce ta sami rana. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Yau Nima tana da taurarinta. Mohammed Kudus a nan ya tashi, shi ya ci ƙwallo biyu a ragar Koriya ta Kudu a gasar duniya ta 2022, yaranmu kuwa duk shi suke so su zama. Akwai mawaƙa, akwai 'yan siyasa, akwai 'ya'yanmu maza da mata da ke sa baƙar riga suna shiga kotu. Ƙaunar da za mu yi musu ita ce mu rage musu kaya, mu gaya musu gaskiya tun suna sama, in kuwa ɗaya ya zame, mu zama na fari da za su je gidansa, ba da waya a hannu muna ɗaukar hoto ba. Ubangiji ya ba mu marubuta irin Natan, ya ba mu kuma kunnen Dawuda. Amin.